Tambayi Likita: An yi wa Baba aikin kansar bututun abinci, me ke sa mutum ya daɗe bayan aikin?

Wasiƙun da suka shigo a ɗan tsakanin nan da yawansu akan ciwo ɗaya ne, wato kansar bututun abinci, wannan hanyar da loma ke bi daga maƙogwaro ta ratsa ƙirji ta sauka ciki. Na zaɓi guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Ta farkon zan fi daɗewa akanta don amsarta ta taɓa sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah akan babanmu nake neman bayani, shekarunsa 63. Kusan wata takwas kenan ya fara cewa abinci na tsaya masa a ƙirji, da farko mai tauri ne kawai daga baya har ruwa sai da dabara, aka zura masa kyamara ta baki aka ce kansa ce, aka yi masa kemo da gashi, wato maganin kashe kansa da ƙona ciwon da hasken na'ura, na sati biyar sannan aka yi aikin, yau sati bakwai kenan. Likitan yace aiki yayi kyau an cire komai. Toh sai ƙanina ya shiga intanet ya gano wai mutum 20 ne kacal cikin 100 ke kai shekara biyar, wallahi tun ranar ban ƙara baccin kirki ba, ko kallon Baba nayi sai hawaye. In dai an cire komai me kuma zai dawo? Kuma me ke sa wani ya daɗe wani bai daɗe ba?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Bari in fara da wannan 20 ɗin da ya hana ki bacci. Lissafin gaskiya ne, daga Amurka ya fito, amma kowa da kowa aka haɗa a cikinsa, har da waɗanda ba a gano ciwon ba sai da ya riga ya kai hanta ko huhu, waɗanda ko maganar tiyata ba a yi da su, kuma suna da yawa domin ciwo ne mai ɓoye kansa, bututun yana buɗewa kamar roba don haka sai ƙarin ya cinye babban kaso na faɗinsa kafin mutum ya fara jin loma na tsaya masa. In aka rarraba lissafin, waɗanda ciwon bai fita daga bututun ba kusan rabinsu na kai shekara 5, waɗanda ya taɓa kaluluwar da ke kusa wajen ɗaya cikin huɗu, waɗanda kuma ya yi nisa 5 ko 6 cikin 100. Kinga ai ba layi ɗaya suke ba. Kuma shekara 5 ɗin nan ba wa'adi bane aka ɗibar wa mutum, ma'auni ne kawai da masu bincike suka tsayar don su samu wajen ƙirga, da yawa daga waɗanda suka kai 5 ɗin suna wucewa har 10 da sama.

Sai maganar an cire komai. Likitan bai yi miki ƙarya ba, abinda ido ya gani hannu ya taɓa shi yake nufi. Matsalar tana cikin halittar bututun ne. Tsawonsa wajen santimita 25 ne, kuma bashi da wannan 'yar rigar ta waje da hanji ke da ita wadda ke ɗan tare ciwo, ga shi maƙale da hanyar iska da zuciya da babbar jijiyar jini, sannan a ƙarƙashin fatarsa ta ciki akwai ƙananan hanyoyin ruwa birjik masu tafiya sama da ƙasa suna zubawa a kaluluwa, daga wuya har ciki. Ƙwayar kansa ɗaya tak in ta faɗa wannan hanyar tun da wuri sai ta tafi abinta ta lafe a wani wajen, ba hoton da zai nuna ta. In ciwon ya dawo bayan aiki, galibi irin waɗannan ne suka girma.

To ya ake sanin wa ke cikin haɗari sosai wa ke da sauƙi? Amsar tana cikin takarda ɗaya, sakamakon gwajin naman da aka cire, wanda ɗakin gwaji ke fitarwa sati ɗaya ko biyu bayan aiki. Ina takaicin yadda ake wasa da takardar nan. Akwai wani dattijo da bazan manta ba, ya zo wajena wata huɗu bayan aikinsa, ya rame ba don ciwo ba sai don zullumi, har ya raba wa 'ya'yansa kayan aikinsa. Na ce ina takardar gwaji, ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro ta, an ninke ta gida huɗu har layin ninkin ya fara yagewa, yace tun ranar da aka bashi yake yawo da ita ba wanda ya karanta masa, shi kuma tsoro ya hana shi tambaya. Da na buɗe sai na ga kaluluwa 24 aka cire, babu ko ɗaya mai ciwo, bakin yanka kuma fes. Da na faɗa masa ma'anar haka shiru yayi, ya daɗe yana kallon takardar a juye kafin ya ce a ƙara maimaita masa.

Ki nemi ta Baba ki zauna da likitansa ku bi ta layi layi. Abu mafi nauyi a ciki shine kaluluwa, zaki ga harafin N da lamba. N0 na nufin ba a samu ciwo a ko ɗaya ba, N1 ɗaya ko biyu, N2 uku zuwa shida, N3 bakwai ko sama, kuma duk hawa ɗaya damar daɗewa na raguwa sosai, babu wani abu a takardar da ya kai wannan faɗin gaskiyar abinda ke gaba. Ki duba kuma nawa aka cire gaba ɗaya, ƙa'ida ita ce kar su gaza 15, domin wanda aka duba masa huɗu kacal aka ce babu komai hankali baya kwanciya da shi kamar wanda aka duba masa ashirin da wani abu. Sai harafin R, shi kuma bakin yanka ne, R0 na nufin da aka sa gefen naman a madubin likita ba a ga ƙwayar kansa ba, R1 akwai saura da ido baya gani, R2 an bar abinda ido ke gani. Sai T, zurfin da ƙarin ya ci a bangon bututun, daga 1 da ke fatar ciki, 2 ya shiga tsoka, 3 ya ratsa ta, 4 ya kama maƙwabta. Wani lokacin za a ƙara rubuta ko an ga ƙwayoyin a cikin ƙananan jijiyoyin jini ko hanyoyin ruwan nan da na faɗa, shima in akwai yana ƙara haɗari.

Tunda Baba ya sha kemo da gashi kafin aiki, akwai abu na ƙarshe da nake so ki tambaya, shin da aka duba naman akwai sauran kansa mai rai ko maganin ya kashe ta duka? A babban binciken da aka yi a ƙasar Holan wanda ake kira CROSS, mutum 29 cikin 100 ba a samu ko ɗigon kansa a namansu ba, kuma da yake manyan ire-iren kansar nan biyu ne, a irin da ake kira sukwamos abin ya kai kusan rabi, a ɗaya irin mai suna adeno kuma 23 cikin 100. Waɗannan su suka fi kowa daɗewa. In kuwa an samu saura, toh akwai magana ta gaba kuma tana da lokaci. A 2021 aka fitar da sakamakon wani bincike akan mutum 794 masu irin wannan sauran, waɗanda aka ba wani maganin ƙarfafa garkuwar jiki mai suna nivolumab har tsawon shekara sun yi wata 22 a tsakaitawa kafin ciwon ya dawo, waɗanda ba a ba su ba wata 11. A binciken tsakanin sati 4 zuwa 16 bayan aiki ake farawa, ku kuma kuna sati na bakwai, don haka yanzu ne lokacin tambaya ba sai an jima ba. Ba ko'ina ake samunsa ba kuma ba kowa ya dace da shi ba, amma a yi tambayar.

Shekarun Baba kam basu dame ni ba, mai 63 da ke iya hawa bene ba haki ya fi mai 45 da huhunsa ya lalace da taba. Kuma mafi yawan dawowar ciwon nan cikin shekara biyun farko yake faruwa, duk shekarar da ta wuce lafiya haɗarin raguwa yake. Bazan ce miki ba zai dawo ba don zan zama na yaudare ki, amma kar ki ɗauki lissafin duniya ki ɗora wa mutum ɗaya alhali nasa lissafin na rubuce a takarda kuma baki karanta ba tukuna.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Yayana ne aka gano masa wannan ciwon wata guda da ya wuce, mu mun shirya a yi aiki a cire abin a huta, sai likitoci suka ce wai sai an yi kemo tukuna na wasu watanni. Ni dai gani nake ɓata lokaci ne, mutum baya iya haɗiya kullum ramewa yake ana cewa a jira? Ba ciwon ƙaruwa zai yi ba? Har na fara tunanin mu canza asibiti.

AMSA: Malam na fahimci zafin da kake ji, duk wanda ya zauna kusa da ɗan uwansa yana kallon ya kasa haɗiye ko miyau zai so a ɗauko wuƙa yau ɗin nan. Amma a wannan ciwon sauri ya kan haifi nawa, kuma ba ra'ayina bane, an gwada an gani. Shekaru da dama tiyata kaɗai ake yi, ana yin aiki mai kyau amma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ciwon ya ɓullo a hanta ko huhu ko kaluluwar wuya, saboda waɗancan ƙwayoyin da na faɗa wa 'yar uwarmu a sama, waɗanda suka riga suka gudu tun kafin a shiga ɗakin aiki. Wuƙa bata bin su, magani ne ke bin jini ya same su.

Binciken CROSS da na ambata an buga shi ne a 2012, mutum 366 aka raba gida biyu, wasu aka musu tiyata kai tsaye, wasu aka fara basu kemo sau ɗaya a sati har sati biyar tare da gashi sau 23 sannan aka musu aikin. Waɗanda aka wuce da su tiyata kai tsaye rabinsu sun rasu kafin wata 24, waɗanda suka fara da magani sai da aka kai wata 49 kafin a kai wannan rabin, ka ga ninki kenan. An samu bakin yanka mai tsabta a 92 cikin 100 na masu magani, ɗaya ɓangaren 69. Da aka bi su har shekara 10, 38 cikin 100 na raye a ɓangaren masu magani, 25 a ɗaya ɓangaren. A ƙasar Sin ma, inda kusan rabin masu wannan ciwon na duniya suke, an yi irin wannan gwajin akan masu sukwamos aka samu abu makamancin haka.

Kai kuma ka ce kemo kawai aka ambata muku ba gashi, wannan ya sa nake zaton nasa adeno ne, irin da ke fitowa can ƙasa kusa da bakin tumbi, wanda ke da alaƙa da ƙwannafi na shekara da shekaru da kuma ƙiba. Shi wannan akwai haɗin magani huɗu da ake kira FLOT, ana bada zagaye huɗu kafin aiki huɗu bayan aiki, kuma a Jamus an gwada shi kafaɗa da kafaɗa da tsarin CROSS, sakamakon da aka bayyana a 2024 ya nuna rayuwar wata 66 a tsakaitawa ga masu FLOT, wata 37 ga ɗaya tsarin. Don haka in wannan ne suka tsara wa yayanka, wallahi akan hanya suke. Wanda ake wucewa da shi aiki kai tsaye shine wanda aka kama ciwonsa tun yana ɗan ƙarami a fatar ciki, wani ma ta kyamara ake kankare masa ba sai an yanka shi ba, amma wanda har haɗiya ta gagara da wuya a ce yana wannan matakin.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shine maganar rama. Wannan ba abin jira bane. Ka koma ka ce musu nauyinsa na zubewa, ko a tsara masa abinci mai ruwa-ruwa mai gina jiki ko a sa masa robar abinci, domin wanda ya zubar da sama da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa baya jure kemo kuma baya jure aiki. Sau da yawa ma bayan zagaye ɗaya ko biyu ƙarin na saki haɗiya ta fara dawowa. In yana shan taba ya ajiye yau, kuma ka riƙa fita da shi tattaki kullum ko na minti ashirin ne, watannin nan na shiri ne ba na zaman jira ba.

TAMBAYA: Salam Likita. Mahaifiyata za a yi wa aikin nan, wani asibitin sun ce ta kyamara suke yi da ƙananan huda, wani kuma sun ce buɗewa zasu yi. Wanne yafi sa mutum ya daɗe? Nagode.

AMSA: Wa alaikis salam, Allah ya ba Mama lafiya. Kafin ki tambayi da me za a yi, ki fara tambayar waye zai yi kuma sau nawa suke yi a shekara. Aikin nan na cikin mafi girman ayyukan da ake wa ɗan Adam. A tsarin da wani likita ɗan Birtaniya Ivor Lewis ya bayyana a 1946, wanda har yau shi aka fi bi, ana shiga ta ciki a gyara tumbi a mayar da shi kamar doguwar jaka, sannan a juya mutum a shiga ta ƙirjin dama a cire bututun da kaluluwarsa, a jawo tumbin sama a ɗinke shi da guntun bututun da ya rage. Awa biyar, shida ko fi. Duk lokacin da na tuna cewa wanda ya fara cin nasarar cire bututun ta ƙirji, Franz Torek a Amurka a 1913, robar waje ya haɗa wa matar da ya yi wa aikin take cin abinci ta ciki, kuma a haka ta rayu sama da shekara goma, sai in ƙara jinjina wa masu ciwon nan da irin juriyarsu.

A 2002 an duba bayanan asibitocin Amurka, aka ga a inda ba kasafai suke aikin ba wajen mutum 20 cikin 100 ke rasuwa a dalilin aikin kansa, a inda suka saba kuma wajen 8. Shi ya sa Holan ta kafa ƙa'idar cewa asibitin da baya yin 20 a shekara kar ya taɓa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba hannun likitan tiyata kaɗai ba, har da likitan sa barci, da ɗakin kulawa ta musamman, da nas ɗin da zata lura da ƙarfe biyun dare cewa bugun zuciyar Mama ya canza kuma zazzaɓi ya fara ta ta da kowa. Domin abu biyu ne ke kayar da mutum bayan aikin nan, ciwon huhu, da kuma yoyon ɗinkin da aka haɗa tumbi da bututu, wanda ke samun wajen mutum ɗaya cikin goma. Yoyo in an kama shi da wuri ana shawo kansa, in an makara ƙazanta ta taru a ƙirji. Kuma illarsa bata tsayawa a asibiti, an lura waɗanda suka yi mummunan yoyo ko sun warke basa daɗewa kamar sauran, jiki ya jigata, maganin da ya kamata a ci gaba da shi bayan aiki an makara ko an fasa.

Shi kuma aikin kyamara amfaninsa a fili yake ta wajen huhu. A wani bincike na Turai da aka buga a 2012, mutum 12 cikin 100 ne suka kamu da ciwon huhu a asibiti bayan aikin kyamara, masu buɗewa kuma 34. Ciwon yanka ya fi sauƙi, mutum ya fi saurin tari da tashi. Ta wajen cire kansar da daɗewa kuwa bai gaza buɗewa ba in a hannun wanda ya iya ne. Amma in zaɓi ya zama tsakanin ƙwararren da ya yi ɗaruruwa ta buɗewa da wanda yanzu yake koyon kyamara, ni dai da mahaifiyata ce wajen na farkon zan kai ta ba tare da na tsaya tunani ba. Ki tambaye su kai tsaye cikin ladabi, nawa kuka yi bara, nawa suka yi yoyo, kaluluwa nawa kuka saba cirewa. Wanda ya san aikinsa baya jin haushin irin wannan tambayar.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Maigidana wata biyar kenan da aiki, ance ba a ga ciwo a kaluluwa ba alhamdulillah, amma ya rame sosai kilo 11 ya zubar, loma biyar yace ya ƙoshi, wani lokacin in ya ci sai zufa ta karyo masa jiri ya kama shi sai ya kwanta, da dare kuma ruwa mai ɗaci ya taso masa har ya shaƙe yana tari. Anya ba ciwon ne ya dawo ba? Kuma na kama shi ya koma shan taba a ɓoye, in nayi magana yace ai an cire ciwon.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, sannu da jinya, ba ƙaramin aiki kike ba. Mafi yawan abinda kika lissafa sakamakon aikin ne ba ciwon ba. Tumbinsa yanzu siririyar jaka ce a cikin ƙirji, bata ɗaukar abinda ta saba, don haka ki daina auna shi da farantinsa na da, ki raba masa cin sau shida zuwa takwas a yini kaɗan kaɗan, ya tauna sosai, kar ya haɗa ci da shan ruwa lokaci ɗaya, ya bada tazarar kamar rabin awa. Zufar nan da jiri abinci ne ke zarcewa hanji da gudu, kayan zaƙi ne suka fi kawo shi, ki rage su ki ƙara masu gina tsoka. Ruwan ɗacin dare kuwa saboda an cire ƙofar da ke rufe bakin tumbi ne, ba abinda ke tare shi yanzu, kar ya ci komai awa uku kafin bacci, kuma a ɗaga kan gadon gaba ɗaya ta yadda ƙirjinsa zai fi cikinsa tudu, filo ɗaya ko biyu basa isa don mutum na zamewa cikin bacci. Ki ɗauki wannan da muhimmanci, ruwan nan in yana faɗawa huhu dare bayan dare shi ke kawo ciwon huhu, kuma ba kansa kaɗai ke ɗaukar ran masu wannan aikin ba, huhu da zuciya da rama suna da nasu kason.

Kilo 11 yayi yawa amma ba baƙon abu bane a wata shidan farko. Ku sa ma'auni a ɗaki ku riƙa aunawa sau ɗaya a sati kuna rubutawa, in ya tsaya ko ya fara hawa madalla, in har yanzu sauka yake ku koma asibiti a haɗa ku da masanin abinci, a duba jininsa, wani sai an ƙara masa sinadarin ƙarfe ko bitamin B12 ko maganin taimaka wa narkewar abinci. In loma ta fara tsaya masa kuma, sau da yawa tabon ɗinkin ne ya tsuke, ana buɗa shi da kyamara ya koma gida a ranar, amma dole a leƙa a gani, kar ku yanke hukunci a gida. Abubuwan da in kin gani ba a jiran ranar ganin likita sune dishewar murya da ta ƙi tafiya, kumburi a wuya ko saman ƙashin kafaɗa, ciwon baya ko ƙashi da ke hana bacci, tari da jini, ko ido ya yi rawaya.

Taba kuwa ki karanta masa wannan da bakina. Malam, an cire ƙarin amma fatar bakinka da maƙogwaronka da huhunka duk hayaƙi ɗaya suka sha tsawon shekarun nan, masu irin ciwonka na cikin waɗanda sabuwar kansa ta biyu ke fito wa a baki ko maƙogwaro ko huhu, kuma ka samu takardar da mutane da yawa ke roƙon Allah su samu. Ka nemi taimakon dainawa a asibiti, akwai magunguna, ba abin kunya bane. Haka giya ga mai shanta, da abin sha mai tsananin zafi, wanda hukumar binciken kansa ta duniya tun 2016 ta ce in ya haura digiri 65 akwai yiwuwar yana jawo wannan ciwon, a bari ya huce.

TAMBAYA: Likita ni ne mai ciwon da kaina. Na gama kemo da gashi sati uku da suka wuce, yanzu komai nake ci lafiya lau kamar ban taɓa ciwo ba. Ya zama dole sai an yi min aikin nan? Gaskiya tsoronsa nake.

AMSA: Sannu Malam, tsoronka a kan hanya yake kuma na ji daɗin yadda ka faɗe shi fili. Amma dawowar haɗiya na nufin ƙarin ya ƙanƙance ne kawai, baya nufin ya mutu, ka tuna a binciken nan na Holan wajen bakwai cikin goma an samu sauran kansa a namansu bayan magani, kuma da yawansu cin abincinsu suke lafiya kamar kai. Akwai dai sabon tsari da aka gwada a Holan ɗin mai suna SANO, aka buga sakamakonsa a 2025, inda waɗanda gwaji ya nuna ba a ga komai ba ake ɗage musu aikin a sa musu ido, in ciwon ya leƙo sai a yi, kuma a shekara biyun farko rayuwarsu bata gaza ta waɗanda aka yi wa aiki nan take ba. Sai dai sa idon ba na wasa bane, kyamara ce da yankar nama mai zurfi da hoton duba jiki gaba ɗaya da ake kira PET a kai a kai, duk 'yan watanni, kuma kusan rabinsu daga baya sai da ciwon ya sake bayyana a wurin. Masu sukwamos sun fi samun wannan damar, musamman in ƙarin can sama yake kusa da wuya inda dama kemo da gashi ne babban maganin.

Don haka kar ka ɓace wa likitocinka don ka ji sauƙi, wannan shine kuskuren da na fi gani kuma na fi jin ciwonsa, mutum ya tafi wata takwas ya dawo lokacin da aiki ya daina yiwuwa. Ka je musu da tambaya uku, wane iri ne nawa, me gwajin bayan magani ya nuna, kuma in aka ɗage aikin kuna da kayan da zaku bibiye ni yadda ya kamata? In amsar ta ukun a'a ce, toh aikin ya fi maka, kuma yawanci tsakanin sati huɗu zuwa takwas bayan gama gashi ake so a yi shi, kai kuma ka riga ka ci uku.